Yadda ake ɗaura sensar waidban a saita man mota da ita

Har yanzu da yawa daga cikin mu a gareji da hanci muke saita mota, a sunsuni hayaƙin salansa, a kwance fulogi a duba ko ya yi baƙi, sai a ce man ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Toh wannan ya yi aiki zamanin kafireto, amma motar da kwamfuta ke ba ta mai, kwamfutar da muke cewa biren bos, tana son lamba ne, kuma abin da zai baka lambar nan shi ne sensar waidban, wadda ake ɗaurawa a salansa ta auna yawan iska da mai daga hayaƙi.

Sensar da take zuwa da yawancin tsofaffin motoci abu biyu kawai ta sani, ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, wutarta na yawo tsakanin 0.1 da 0.9 bolt. Ita kuwa waidban zata faɗa maka nawa ne daidai. Ma'aunin fetur shi ne iska kashi 14.7 mai kashi 1, shi ake kira lamda 1. In lamba ta sauka ƙasa da 14.7 mai ya yi yawa, in ta haura mai ya yi kaɗan.

Wadda aka fi samu ita ce Bosch LSU 4.9, amma fa ba ta aiki ita kaɗai sai da kwantirola da ke kula da hitarta, don sai ta kai wajen digiri 780 take karatu daidai. Akwai na AEM, akwai na Innovate. Kar ka je Oriyapata, kasuwar kayan mota a Kaduna, ka ɗauko sensa tsirara ka ce zaka jona ta da biren bos kai tsaye, asarar kuɗi ce.

Yanzu wajen ɗaurawa, nan ne nake son mu daɗe, don wallahi nan yawancin aikin yake lalacewa. Ka je Panteka wajen mai walda ya huda salansa ya dasa maka gindin da sensa zata zauna, zarensa M18 ne da 1.5. Ya kasance kafin indomi, wato abin tace hayaƙi na cikin salansa, kamar santimita 45 daga kan injin, in motar mai turbo ce a bayan turbo ɗin zaka sa kuma ka ɗan ƙara nisa saboda zafi. Kar ya dasa ta a ƙasan bututu, ta gefen sama za'a sa, kamar tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 2 na agogo, domin da safe ruwa na taruwa a cikin salansa musamman lokacin sanyin hunturun nan namu, in ɗigon ruwa ya faɗa kan sensa mai zafi tangaran ɗin cikinta fashewa yake. Saboda wannan dalilin ne ma ba'a kunna makulli a bar ta ta yi ta zafi injin na kashe. Kuma kar ka bar ta a salansa ba wuta kana yawo da mota, baƙin hayaƙi zai toshe ta.

Sannan ka bi salansar nan tun daga kan injin har inda sensa take ka tabbatar babu inda ke yoyo. Motocin mu ramuka sun gama da su, ko'ina faci ne da walda, kuma ƙaramar huda ta isa ta zuƙo iskar waje sensa ta ga kamar mai ya yi kaɗan alhali ƙarya ne. Na taɓa ɓata yini guda a kan wata Civic a Tudun Wada, agogon waidban na nuna 16 a silo, ina ta ƙara mai, ido na yaji fulogi na baƙi amma lamba ta ƙi sauka, ashe gaskit ɗin bakin salansa ne ya ƙone. Abin ya dame ni sosai don man mai motar muka ƙona a banza. Haka ma in mota na misin, iskar da ba ta ƙone ba ita sensa ke gani, sai ta ce maka mai ya yi kaɗan. Gyara fulogi da koyil da nozul tukuna. Motar da ke shan baƙin mai ko ruwan lagireto na shiga silinda kuwa kashe sensar zata yi, haka gam ɗin silikon da wasu ke laftawa a gaskit.

Wayarin ba wuya, wuta daga makulli da fiyus ɗinta, amma ka ce wa mai rewaya ya haɗa negatif ɗin a inda biren bos ta ɗauki nata, in ba haka ba agogo zai nuna lamba ɗaya kwamfuta ta nuna wata. Kwantirola na fitar da 0 zuwa 5 bolt kuma kowane kamfani da fassararsa, misali Innovate LC-2 sifili na nufin 7.35, biyar na nufin 22.39, don haka a cikin TunerStudio, manhajar saiti ta laftof, ka zaɓi ainihin kwantirolar da ka saya in Speeduino ko MegaSquirt ka ɗaura, wato biren bos ɗin da ake iya saitawa. Masu Innovate kuma su fara gwada ta a iskar waje kafin su ɗaura.

Toh sai saiti. Ka bari injin ya yi zafi, ka kashe gyaran da kwamfuta ke yi da kanta don ka ga asalin teburin mai, wato gidajen lambobin da biren bos ke bi wajen ba injin mai. Silo da tafiyar cikin gari 14.7 ake nema. In an take totur har ƙasa, motar da ba turbo tana son 12.5 zuwa 13, mai turbo 11.5 zuwa 12, nan ne ƙarancin mai ke narka fistin don haka gara ka faro da mai da yawa kana ragewa a hankali. Lissafin shi ne, lambar da ke gidan tebur sau abin da ka gani, a raba da abin da kake so. Misali gidan na da 80, kana son 13 ka ga 14.3, sabon ya zama 88.

Dan Allah ku fita ku biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na riƙe da laftof, da sassafe a inda hanya take miƙe babu cunkoso, giya ta uku daga juyin injin 2000 a hau a hankali, a naɗi bayanan a dawo a zauna a duba. In ka ɗaga ƙafa ka ga lamba ta tashi sama kar ka taɓa komai, kwamfuta ce ta yanke mai. Kuma kunnenka ya kasance a kan injin, waidban ba ta jin ƙwanƙwasar fistin, in ka ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani saki totur nan take ka rage taimin.

Masu gas kuma, tun da aka cire tallafin mai a 2023 motocin CNG sun ƙaru a Kaduna, ma'aunin gas wajen 17 ne ba 14.7 ba. Ka mayar da agogon kan lamda kawai, 1.00 ka nema a silo ko da fetur kake ko da gas, in ka juya daga fetur zuwa gas ka ga ta haura 1.05 toh akwatin gas ɗin ne ke son ƙarin saiti.