Kafin ka raɗa wa jaruminka suna, tambayi gidansu

Labarina na farko mai ɗan tsawo, Gwaggo na fara karanta wa, ƙanwar mahaifina, a tsakar gidanmu da ke Kwarbai cikin birnin Zariya. Tana zaune bisa tabarma da babbar riga a cinya tana ɗinkin hannu, ni kuma ina karatu ina hura hanci. Sai na iso inda matar jarumin ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Aminu, abincinka zai huce." Allurar Gwaggo ta tsaya cak.

"Dakata, ɗan nan. Wannan yarinyan daga wane gida ta fito?"

Na ce ai ƙagaggen labari ne, babu ita a duniya.

Ta ce, "Ko a tatsuniya ai Gizo da gidansu. Mace ne za ta kama sunan mijinta gatsal haka, kuma ka ce a birni aka goye ta?"

Ranar ban ji daɗi ba. Sai daga baya na gane Gwaggo ba cewa ta yi babu macen da ke kiran sunan miji ba. Akwai su, har a layinmu. Abin da ta gano shi ne ni kaina ban san yarinyar ba. Daga finafinan da nake kallo na ɗauko ta, na ɗaura mata zane, na ajiye ta a Kwarbai. Tun ran nan na sauya yadda nake gina taurarin labari, kuma ga yadda nake yi.

Fara da unguwa, tun kafin suna, tun kafin kamanni. Ka ce jaruminka Bahaushe ne, ba ka ce komai ba. Ko Bazazzagi ma bai isa ba, don Zariya garuruwa ne da yawa a riga ɗaya. Akwai birni cikin ganuwa, inda ake sanin mutum da zauren kakansa. Ka fita ta Ƙofar Doka ka faɗa Tudun Wada, wadda baƙi 'yan Arewa suka cika tun zamanin Turawa. Ka ƙetare rafin Kubanni ka nufi Sabon Gari, wanda ya tashi a gindin tashar jirgin ƙasa bayan layin dogo ya iso a 1911. A can yaro yakan tashi da Hausa a baki da broka a aljihu, maƙwabcinsa Bayarabe, mai shagon layinsu Ibo. Can gaba kuma ga Samaru, inda ɗan malamin jami'a ke girma a kwatas, jami'ar da aka buɗe tun 1962. Ko cikin birnin ma ba ɗaya ba ne. Wanda ya tashi a Limancin Kona tsakanin zaurukan karatu daban yake da ɗan gidan sarauta, shi kuma ɗan sarautar ya san ko shi Bamalle ne, ko Babarbare, ko Bakatsine, ko Basulluɓe. A 2020 da sarauta ta koma gidan Mallawa bayan kimanin shekara ɗari, ba abu ɗaya aka ji a waɗannan gidaje huɗu ba. In jaruminka daga ɗaya cikinsu yake, dole ka san abin da aka ji a nasu, ko da ba za ka taɓa rubuta shi ba.

Da ka zaɓi unguwa, ɗauki takarda ka raka mutuminka daga ƙofar ɗakinsa zuwa kasuwa. Wa zai fara gaisarwa? A zauren wa zai tuɓe takalmi ya durƙusa? Wane lungu yake kauce wa saboda mai shayi na binsa bashi? Wannan takarda ba za ta shiga littafin ba, taka ce. Amma in ka kasa cika ta, kada ka fara babi na ɗaya.

Sannan suna, kuma a nan na fi daɗewa. Mu Hausawa sunanmu tarihi ne a dunƙule. Ka ji Tanko ka san mata ne a gabansa, ka ji Kande ka san maza ta biyo. Gambo ya bi tagwaye. Audi bai tarar da ubansa da rai ba. Ajuji ko Ɓarau, ka san uwar ta sha binne 'ya'ya kafin wannan ya tsaya. Balaraba ranar Laraba ta zo, Azumi cikin watan azumi. Saboda haka in ka raɗa wa yarinya Kande sannan ka ce ita ce 'yar fari, mai karatu da ya san abin zai ajiye littafin. In kuwa ka san abin da kake yi, suna ɗaya zai ɗauke maka shafi biyu na bayani.

Abin da ya fi wannan amfani shi ne mutum ɗaya ba suna ɗaya gare shi ba. Ka ce jaruminka Ibrahim ne, ɗan fari, an yi masa takwara da kakansa na wajen uba. Rubuta sunayen mutanen gidan a jere, gaban kowanne ka sa abin da yake kiransa. Uban ba zai kama sunan mahaifinsa ba, sai ya ce Abba ko Baba. Kakarsa mace ta ce "maigidana", tana tsokanarsa wai bai kawo cefane ba. Abokan ƙwallo su ce Iro. Ƙannensa su ce Yaya. Matarsa ta ce Malam, ko Baban Ummi in sun haihu. Uwar kuwa, a gida irin namu, ba ta da sunan da take kiransa da shi sam. "Kai", ko "yaron nan", ko ta aiki ƙaramin ta ce "kira min yayanku". Tana iya shekara talatin ba ta furta sunansa ba, don alkunyar ɗan fari. To ka ga makami a hannunka. Ranar da aka kwantar da shi a asibiti, uwar nan ta sunkuya a kansa ta ce "Ibrahim", ba ka bukatar ka rubuta cewa hankalinta ya tashi, ko hawaye sun zubo mata kamar ruwan sama. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa zai ji tsigar jikinsa ta tashi. Amma sai in ka hana ta kiran sunan tun daga shafin farko. In ta riga ta kira shi sau goma tana aikensa sayen magi, ka zubar da abin.

Sai baki. Mu Zage-zagi an san mu da "mace ne", da "rigan Audu", da "motan ya lalace", abin da Kanawa, abokan wasanmu, ba sa gajiya da yi mana tsiya a kai. Abin dariyar shi ne a garin nan aka raini rubutun boko na Hausa. Daga Zariya aka shirya gasar ƙagaggun labarai ta 1933, a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan aka kafa kamfanin Gaskiya. Duk da haka daidaitacciyar Hausar da ake bugawa Kananci ta fi kama da shi. Shawarata, bar mai ba da labari ya yi daidaitacciyar Hausa, amma taurari ka bar kowa da bakin gidansu. Kada ka cika gishiri. "Ne" ɗaya a inda ake jiran "ce" ya isa mai karatu ya san tsohuwar nan 'yar ina ce. In ka lafta shi a kowace jimla ka mai da ita abar dariya. Wani abu da na lura da shi a kaina, na kuma ba wa wani jarumina: a ofis ko gaban Kanawa nakan gyara harshe, amma da raina ya ɓaci sai Zazzaganci ya ɓalle ba shiri. Mutum yakan koma bakin uwarsa in ya fusata. In ka ba wani ya duba maka rubutu, gaya masa tun farko kada ya taɓa maganar taurari. An taɓa gyara mini duk "ne" ɗin wata kaka zuwa "ce", ta dawo tana magana kamar mai karanta labarai a rediyo.

Abu na gaba shi ne abin da mutumin ba zai iya faɗa ba. A nan ne tarbiyyarmu ta fi bambanta da ta finafinan waje, inda uba ke rungume ɗa ya ce yana alfahari da shi. Mahaifina maɗinkin manyan riguna ne. Ranar da na kawo masa takardar shiga jami'a, a zaure na same shi. Ya karɓa, ya duba, ya ce "To, Allah ya sa albarka", ya ci gaba da ɗinki. Na shiga gida raina a jagule. Bayan wata uku, ana jibi zan koma makaranta, na tarar da riga mai aska biyu a ninke kan katifata, ɗinkin hannunsa, irin wadda yake yi wa masu kuɗi. Bai ce komai a kanta ba har ya rasu, ni ma ban ce ba. Ga yadda nake amfani da wannan. Nakan rubuta fage sau biyu. A na farko in bar kowa ya amayar da cikinsa, "ina kishinki", "na ji haushinka". A na biyu in soke duk waɗannan, in tambayi kaina, wannan mutum da kunyarsa da kawaicinsa, me zai yi a maimakon faɗa? Uwargida ba za ta ce wa amarya tana kishi ba. Za ta yi wa akuya faɗa da ƙarfi a tsakar gida, wai baƙuwa ce amma ta fi 'yan gida ci. Suruki ba zai ce bai yarda ba, "sai mun yi shawara" zai ce, kuma kowa ya san an gama.

Kamanni ba zan daɗe a kansu ba, roƙo ɗaya ne. A hutar da mu da fara doguwa mai dogon hanci da gashi har gadon baya. Nemi abin da sana'a ta yi wa jikin mutum. Yatsan maɗinki da kanta, idonsa a ƙanƙance. Hannun marini shuɗi ne ko ranar Sallah. Ɗan acaɓa idonsa ja, laɓɓansa a bushe lokacin hunturu. Masu zanen hoto ma wannan ya shafe ku: yadda mutum ya kafa hula magana ce, kuma ba kowa ke fitar da kunnuwa a rawani ba.

Yanzu ga inda na fi jin kunya. Gidan da ya ba ka ido shi ne kuma yake rufe maka wani. Na taɓa sa wata ma'aikaciyar jinya Kirista 'yar Wusasa a labari, na ba ta gurɓatacciyar Hausa, tana cewa "ina zo" da "ka ba ni wannan abu ɗin". Ban yi da mugunta ba, haka kawai kaina ya ɗauka, Kirista baƙon Hausa ne. Na ba wani abokin aikina ɗan Wusasa ya karanta. Ya dawo mini da shi washegari ya ce, "Malam, ka taɓa zuwa unguwarmu kuwa?" Gaskiya wucewa kawai nake yi a mota. Ya kai ni gidansu ranar Asabar. Kakarsa ta tare ni da gaisuwa har ta ƙure ni, ta yi mini karin magana uku kafin in sha ruwa, Littafi Mai Tsarki na Hausa na ajiye gefen gadonta. Bahaushiya ce gaba da baya. Mishan ɗin da wani Bature, Likita Mila, ya kafa a cikin birni ne ya koma Wusasa a ƙarshen shekarun 1920, majami'arsu ta farko ma ginin ƙasa ce irin na magina Hausawa, kuma a unguwar Janar Yakubu Gowon ya tashi. Duk wannan yana nan tafiyar 'yan mintoci daga gidanmu, ni kuwa na zauna a ɗaki na ƙaga mata baki.

Saboda haka in ka gama daftari, jera taurarinka ka ware waɗanda ba irin gidanku suka fito ba. Duba su da kyau. Galibi za ka tarar su ne ba su da uwa ba su da uba, ba su da abin dariya, aikinsu kawai su shigo su yi abin da kake zaton irinsu na yi. Bafulatanar mai nono, Ibo mai kayan gyaran mota, almajiri, 'yar aiki. Kowannensu ka je ka zauna da irinsa, ba da biro da takarda ba, zaman hira. Mu maza kuma mu yarda cewa tun da muka balaga muka koma zaure, rabin abin da ke faruwa a cikin gida labarinsa muke ji. In za ka rubuta ɗakin mai jego ko zaman lalle, nemi yayarka ta ba ka labari, ka yi shiru ka saurara.

Daga ƙarshe karanta da ƙarfi, kuma ga wanda ba ruwansa da littattafai. Marubuci ɗan'uwanka zai yaba maka salo don kai ma ka yaba nasa. Tsohuwa mai aikin hannu ba ta da wannan lissafi. Kada ka tambaye ta ko ya yi daɗi, za ta ce ya yi don kara. Hannunta za ka riƙa kallo, inda ya tsaya ka sa alama.

Waccan jimla ta matar Aminu ban jefar da ita ba. Na bi littafin kaf na mai da bakinta "Malam", na ɗauke "Aminu" na kai shi can kusa da ƙarshe, daren da ta gano ya sayar da filin gadonta bai gaya mata ba. Ta ajiye masa tuwo, ta tsaya a kansa ta ce, "Aminu, abincinka zai huce." Na sake karanta wa Gwaggo bayan kusan shekara. Da na iso wurin allurar ta sake tsayawa. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "To. Wannan auren kam ya mutu."