Kurakuran da ake yi wajen auna mai binciken cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi

Idan ana son sanin nauyin wani likita mai bincike, ko don ƙarin girma ko don haɗa gwiwa, yawanci sai a buɗe Google Scholar, rumbun maƙalolin bincike a intanet, a dubi lamba ɗaya, a yanke hukunci. Lambar ita ce ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005. Idan an ce na wane 30 ne, to yana da maƙaloli 30 da aka ambaci kowacce a wasu maƙalolin bincike aƙalla sau 30. Lambar kusan ba ta sauka, don haka dattijon da ya ajiye bincike tun tuni zai rinjayi matashin da ke tsakiyar aiki. Fannoni ma ba ɗaya ba ne. Masu aiki a kan cutar Alzheimer ko shanyewar ɓarin jiki suna da yawan gaske, suna ta ambaton juna, amma mai nazarin wata cutar jijiya ta gado da ba kasafai ake ganinta ba, masu karanta shi 'yan kaɗan ne komai ingancin aikinsa. Ka gwada mutum da tsaransa na fanni ɗaya, kuma ka ɗauko lambobin daga rumbu guda, domin na Google Scholar kan ɗara na Scopus da Web of Science.

Kuskuren da ya fi wannan haɗari shi ne ɗaukar yawan ambato a matsayin shaidar gaskiya. A 2006 mujallar Nature ta buga wata maƙala da Sylvain Lesné ne na farko a jerin marubutanta, wadda ta ce wani nau'in furotin amiloid yana raunana ƙarfin tunawa a ɓeraye. An ambace ta fiye da sau 2,000. A 2022 mujallar Science ta fito da zargin cewa an sauya wasu hotunan gwajin, a 2024 kuma aka janye maƙalar. Kafin ka kafa hujja da kowane aiki, duba shi a PubMed, rumbun maƙalolin likitanci, inda ake sa wa janyayyun maƙaloli alama, ko a Retraction Watch, shafin da ke bin diddigin maƙalolin da aka janye.

Haka zancen makin mujalla. Makin nan matsakaicin ambato ne na abin da mujallar ta buga cikin shekara biyu, kuma 'yan maƙaloli kaɗan ne ke ɗaga shi. Fitowa a mujallar Brain, wadda ake bugawa tun 1878, ko a Lancet Neurology abin alfahari ne, amma ba ya gaya maka darajar wannan maƙala ita kaɗai. Dalilin ke nan sanarwar San Francisco ta 2012 kan yadda ake auna bincike ta nemi a daina auna mutum da makin mujalla. Mujallun bogi kuwa, masu karɓar kuɗi su buga cikin 'yan kwanaki ba tare da bitar masana ba, duba ko sunansu na cikin jerin mujallun da aka tantance, irin MEDLINE ko DOAJ, yakan taimaka wajen gane su.

Wajen haɗin gwiwa nan ne ake yawan ruɗewa. Manyan ayyuka irin na ENIGMA, wanda aka kafa a 2009 don tara hotunan ƙwaƙwalwa daga ƙasashe da dama, sukan fito da ɗaruruwan sunaye. Wani ya tsara binciken, wani kuwa bayanan majiyyatan asibitinsa ya miƙa. Duka gudunmawa ce, sai dai ba a ɗora su a mizani ɗaya. A al'adar likitanci, na farko a jeri shi ya ɗauki yawancin aikin, na ƙarshe shi ne jagora. Karanta sashen da ke fayyace wa ya yi me. A nan ne ake gane wanda aka sa sunansa don girmamawa kawai, abin da ƙa'idoji huɗu na kwamitin editocin mujallun likitanci, ICMJE, ba su yarda da shi ba. Idan kuma sunan mutum ya yi kama da na wasu, lambar ORCID, lambar shaidar mai bincike mai harufa 16, za ta raba gardama.

A ganina, ba abin da ya kai ka zaɓi maƙaloli uku ko huɗu da mutumin ya jagoranta ka karanta su. Fara da yawan waɗanda aka gwada. Nazarin Katherine Button da abokan aikinta na 2013 ya nuna cewa a binciken ƙwaƙwalwa, matsakaicin ƙarfin gano sakamako na haƙiƙa kusan kashi 21 ne cikin 100, galibi saboda ƙarancin samfuri. Amma a yi adalci: James Parkinson da mutum shida kacal ya siffanta cutar karkarwa a 1817. Adadi kaɗan ya isa a siffanta cuta, bai isa a ce magani yana aiki ba. Sannan ka tambaya: wasu sun maimaita gwajin sun samu daidai? Aikin ya shiga ƙa'idojin jinya, har likitan da ke duba mai farfaɗiya ya canza yadda yake ba da magani?