Ga sababbin zuwa Abuja daga Nijar: kafin ka biya haya, duƙa ka dubi soket

Makon jiya wani yaro ɗan Tasawa, wanda bai cika shekara a nan ba, ya kira ni in je in ga ɗakinsa a Masaka, bayan garin Abuja. Tun daga bakin ƙofa hancina ya gaya mini abin da zan tarar. Ya janye katifa, sai ga fumfuna baƙi ƙirin ta yi wa soket ƙawanya kamar an zizara kwalli, fenti ya kumbura, ga kuma caja a soke tana aiki. Shi ne na huɗu a daminar bana. Raina ya ɓaci, domin a wannan ramin na faɗa a shekarata ta farko, kuma mun sha faɗa a majalisa, amma sabon zuwa kunnensa yana wajen kuɗin da zai samu.

Hanya ba ta buƙatar bayani. Ko ta Jibiya ka shigo, ko ta Kwangwalam, ko ta Illela, direbobi sun san aikinsu. Sefa kuma 'yan canjin unguwar Wuse Zone 4 za su mayar maka da ita naira da Hausarka. Takardu: tun da Nijar ta fita daga ECOWAS a watan Janairun 2025, kada ka yi yawo ba shaida a aljihu, ka je ofishin jakadancinmu ka yi katin shaida, ka ajiye hotonsa a waya. Aiki kuwa, Alhamdu lillahi, mutanenmu ba sa barin nasu da yunwa. Daga Dei-Dei zuwa Zuba, daga masu shayi zuwa masu gadi da masu ɗinki, an san mu da riƙon amana, kuma da wannan sunan za ka ci abinci. Inda ake yanka mu shi ne gidan haya.

Yawancinmu da rani muke zuwa, bayan an kai amfanin gona gida. Lokacin ne masu gidaje ke yin fenti. Iskar hunturu ta busar da bango, an shafa fari tas, dillali yana gaggauta ka wai wani na nan tafe da kuɗi. A nan ba wata-wata ake biya ba. Shekara guda cur za ka ajiye, ga kashi 10 na dillali, ga kuɗin takardar yarjejeniya, ga wanda suke kira koshan, wato ajiya saboda ɓarna. Idan ka biya, ka biya.

Ni a watan Janairu na kama ɗaki da falo a Mararraba. Ruwa ya fara a Afrilu, ban ga komai ba. Cikin Agusta 'yata ta fara tari da dare, tarin da magani ke kwantar da shi kwana biyu ya dawo. Uwargida ta ga baƙi-baƙi a bayan gado, ta jiƙa tsumma ta hau gogewa, yadda kowace mace mai tsafta za ta yi. Tsumman na taɓa bakin soket wuta ta fizge ta, ta yar da ita a kan tayil. Allah ya tsare, hannun ne kawai ya yi kwanaki yana mata tsami. Har yau idan na tuna ƙarar da ta yi gabana faɗuwa yake.

Mai gyaran wutar da na kira, wani dattijo ɗan Zariya, ya kashe babban makunni, ya kwance soket ɗin. Akwatin ƙarfen da ke ciki ya yi tsatsa jawur, ruwa kwance a ƙasansa, jan ƙarfen wayar ya koma kore. Ya sa yatsa a bakin fayif ɗin da wayar ta biyo, ya fito da shi a jiƙe. Ya ce, “Malam, ba ƙazanta ba ce. Ruwan nan daga silin yake sauka.” A wurinsa na koyi abin da zan gaya muku.

Bangon gidajen nan bulo ne mai rami a ciki. Idan za a sa wuta, sai a fafe bangon a binne fayif ɗin roba tun daga silin har zuwa inda soket zai zauna, a dasa akwati, a mayar da filasta. Wurin nan ya riga ya zama mai rauni: filastarsa siririya ce, kuma sau da yawa tana tsagewa a inda sabuwa ta haɗu da tsohuwa. Idan kwano yana yoyo, ko gidan mai ɓoyayyen rufi ne kwatar simintinsa ta toshe, ruwan da ya shiga silin ba ya neman wata hanya, fayif yake bi kamar indararo har cikin akwati. Ko ba yoyo, fayif ɗin yana shigo da iska mai laima da ƙura, ƙarfen akwati kuma yana saurin sanyi, sai ya yi gumi irin na kwalbar ruwan sanyi. Ƙura da fenti su ne abincin fumfuna, laima ce ruwan shanta, kwana ɗaya zuwa biyu sun ishe ta ta kama a wuri jiƙaƙƙe. Sannan ku duba inda soket yake zama: ƙasa-ƙasa, bayan gado, bayan firij, bayan kujera, inda iska ba ta ratsawa.

Tabon ma magana yake yi ga wanda ya iya karatunsa. Idan ya taso a miƙe sambal daga sama ya dira a kan soket, fayif ne, a hau rufi. Idan ya kwanta a gindin bango kaf, bai wuce mita guda ba, da farin gari kamar kanwa yana zuba, wannan zartsi ne, ƙasa ce ke shayar da bango saboda ba a shimfiɗa leda yadda ya kamata ba lokacin da ake fitar da harsashi. Wannan fenti ba ya maganinsa, ko sau goma za a shafa. Idan kuwa bayan bangon banɗaki ne, a tuhumi fayif ɗin ruwa ko tayil da ya buɗe.

Abin da ke rikita mu shi ne a gida ba mu saba da wannan ba. Ruwan da Abuja ke samu a shekara ya kai ninki uku na Damagaram. Can idan an yi ruwa da safe, da la'asar bango ya bushe. Nan a Agusta da Satumba sai wanki ya kwana biyu a igiya bai bushe ba, takalmin fata ya yi furfura a ƙarƙashin gado. Mu kuma sai mu ƙulle tagogi saboda sauro da ɓarayi, mu shanya wanki a ɗaki, mu jingina katifa da bango, mutum biyar suna numfashi a ɗaki guda.

Da wannan mai gidana ya kama ni. Na je masa da ladabi, na ce, “Ranka ya daɗe, rufi yana yoyo, iyalina ta tsallake rijiya da baya.” Ya ce lafiya lau ya ba ni gida, mu ne ba ma buɗe taga. Na roƙe shi ya zo ya gani, bai zo ba. Da aljihuna na gyara kwanon, na canza akwati da waya. Da shekara ta cika zan tashi, ya riƙe koshan ɗina wai na lalata masa fenti. Ba ni da hoto, ba ni da rubutu, ba ni da shaida sai bakina, ga ni baƙo. Na haƙura, amma kuɗin nan na wata uku ne da zan aika wa mahaifiyata.

Don haka, ƙanena, ranar duba ɗaki ka tafi da tocila. Duƙa ka haska kowane soket. Nemi tsatsa a kan sukurori, nemi inda fenti ya fi sauran kauri ko sabunta, ƙwanƙwasa filastar ka ji ko tana amsawa kamar ganga. Sa hanci. Fita ka zagaya bayan ɗakin, idan gansakuka ta yi kore a gindin bango ko ƙasar waje ta fi daɓen ɗaki tudu, ka san me ke jiranka. Tambayi matan gidan yadda ɗakin yake da damina, su ba su da riba a ɓoye maka. Ɗauki hoton komai kafin ka shigo da kaya, ka tura wa mai gida ta WhatsApp don kwanan wata ya zauna, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa yoyo da wayarin nasa ne.

Idan ka riga ka shiga ka ga fumfuna, kada hannunka ya kai wurin soket ɗin sai an kashe babban makunni, a kashe janareta da inbata idan akwai, domin ɗauke wuta ba tabbas ba ne, tana iya dawowa hannunka na ciki. Cikin akwati aikin mai gyaran wuta ne. Kuma ku daina tura tsinke a ramin sama na soket don cusa fulogin da muka zo da shi daga gida mai ƙafa biyu zagayayyu. Soket ɗin nan mai ƙafa uku ne, wuta bolt 230 ce, adafta ba ta da tsada. Bangon kuwa a goge da Hypo, wato ruwan bilic, da aka sirka da ruwa, taga a buɗe, a rufe hanci, yara da mai asma suna waje. Kada a kuskura a haɗa Hypo da Harpic, ruwan wanke masai, hayaƙin da ke tashi guba ne. A janye gado daga bango kamar taki guda. Amma muddin ba a toshe inda ruwa ke shigowa ba, fumfuna za ta dawo.

Yaron Masaka mun rubuta wa mai gidansa, da hotuna, mu uku muka sa hannu a matsayin shaidu, an kuma cire wuta daga soket ɗin. Wanda zai je duba ɗaki a ranin nan, ya same mu bayan sallar Juma'a, ɗayanmu zai raka shi.