Yadda ake maganin tsatsa da yoyon ruwa a bakin gilashin gaban tsohuwar mota

Idan ruwan Agusta ya sauka a Gombe, masu tsofaffin motoci irin Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a kamfanin Fijo na Kaduna da aka buɗe a 1975, da Marsandi 230 da Bitil, sukan tarar da kafet a jiƙe, dashbod na ɗiga, mota na warin danshi. Abin da aka saba yi shi ne a sayo gam ɗin silikon a shafe bakin robar da ta zagaye gilashin gaba. Kada ka yi. Yawanci ba a saman roba matsalar take ba, tana ƙarƙashinta, a leɓen ƙarfen da robar ta kama. Zafin bazara ya busar da roba ta tsage, ƙurar hunturu ta cika tsagar, damina ta zo ta mayar da ƙurar laka mai riƙe ruwa. Can tsatsa ke cin ƙarfe a ɓoye, musamman a kusurwoyin ƙasa biyu. Silikon mai warin tsami kuwa asid yake fitarwa lokacin bushewa, yana ƙara wa tsatsar ƙarfi, fenti kuma ba ya kama inda ya taɓa.

Fara da gano ainihin mashigar ruwan. Mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, ɗaya ya riƙa zuba ruwa a hankali da buta ko tiyo. A fara daga ƙasa, a ba kowane gefe kamar minti biyu kafin a hau sama, don in aka fara daga sama ruwa zai bi ko'ina, ba za ka gane komai ba. Ka leƙa ramin da ke ƙarƙashin waifa ma. Ganyen dogon yaro da ƙasa kan toshe magudanarsa, ruwa ya taru ya bi ta ƙofar iska zuwa cikin mota, a ɗora wa gilashi laifin da ba nasa ba. Waya da ruwa sun isa wannan gyaran. Amma in ka ga fenti ya yi ƙuraje a gefen roba, babu makawa sai gilashi ya fita.

Kada ka cire sai sabuwar roba tana hannunka, kuma ka gwada tsawonta da tsohuwar. Cire waifa da madubin ciki, ka cire kan batir, ka rufe bonet da dashbod da tsohon bargo. Yanke leɓen robar na waje da wuƙa mai kaifi har ka zagaye, sannan a tura gilashin daga ciki da tafin hannu, mutum biyu na tare da shi a waje. Masu son ceton tsohuwar roba su ne ke tura gilashi da ƙafa ya tsage. Roba ta fi gilashi araha nesa ba kusa ba.

Yanzu aikin ya fara. Kankare tsohon gam, ka bi leɓen ƙarfen motar da burushin ƙarfe har sai farin ƙarfe ya fito. Ɗauki sukundireba ka riƙa danna duk inda ya yi baƙi ko ya kumbura. Inda ƙarfe ya tsaya da ƙarfinsa, ko da yana da 'yan ramuka, goge shi da samfefa mai lamba 80, ka shafa ruwan kashe tsatsa mai asid na fosforik, ka bar shi iya lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar, ka goge ya bushe sarai. Inda sukundireba ta huda kuwa, wurin ya mutu. A yanke shi har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, a yanko faci daga falanki mai kaurin milimita 0.8 zuwa 1, a lanƙwasa shi daidai da siffar leɓen. Kwali na da amfani a nan: a fara fitar da siffar da shi, sannan a zana a kan ƙarfe.

Wajen walda ake ɓata aiki. Ƙarfen siriri ne, in mai walda ya ja wuta a miƙe, musamman da wutar kabaid, leɓen zai murɗe, gilashi ya ƙi zama ko ya tsage bayan mako biyu ba tare da dutse ya taɓa shi ba. A riƙa ɗigawa nan da can, tazarar kamar santimita 2 zuwa 3, a bari ya huce, a dawo a cike tsakani. A ajiye jiƙaƙƙen buhu a kan dashbod da bokitin ruwa kusa, domin wayoyi da soso na nan ƙasa da wurin. Bayan an goge waldar, a haska tocila ta baya. Duk hudar da haske ya ratsa, ruwa ma zai ratsa.

Wani fanal bita zai ce ya cike ramin da fila kawai, wato kwaɓin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, ya fi sauri. Fila na shan ruwa, kuma ba ta da ƙarfin riƙe roba. Damina ɗaya ko biyu za ta ɓamɓare. Amfaninta shi ne gyara fuska bayan walda, kaurinta kada ya wuce milimita 3.

Wanke wurin da tina, ka fesa furaima ta ifoksi, wato shafin farko da ake yi kafin fenti, sau biyu, sannan fenti. Bayan leɓen ma a shafa masa, don walda ta ƙone fentin can. A bar shi aƙalla kwana biyu ya yi tauri. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne bayan ɗaukewar ruwa, wajen ƙarshen Oktoba, kafin ƙura ta yi yawa. In kuma a hunturu ne, a yayyafa ruwa a ƙasan gareji kafin fesawa.

Mayar da gilashi aikin igiya ne. Sa robar a jikin gilashi, ka cusa igiyar nailan mai kaurin milimita 4 zuwa 5 cikin kwarin da zai kama ƙarfe, bakinta biyu su haɗu su gitta a tsakiyar ƙasa, kowanne da rarar da za ka iya naɗewa a hannu. Shafa ruwan sabulu. Ban da baƙin mai ko giris, suna kumbura roba su ruɓar da ita. Ɗora gilashin a tsakiya daidai, bakin igiya na cikin mota. Na ciki ya riƙa jan igiyar a hankali, kaɗan ta dama kaɗan ta hagu, na waje yana bin sa da tafin hannu yana dannawa, ba duka. A kusurwa a riƙa juya igiyar kamar ana dama kunu don kada ta yaga leɓen robar.

Daga nan sai a ɗaga leɓen robar na waje a matsa gam ɗin gilashi irin wanda ba ya daskarewa, tsakanin roba da ƙarfe da kuma tsakanin roba da gilashi, a goge abin da ya fito. Motar da gilashinta na manne ne ba na roba ba, ita gam ɗin yuritan take buƙata tare da furaimarsa, kuma a bar ta yini guda cur da tagogi a ɗan sauke, don iskar rufe ƙofa kada ta ture gilashin kafin gam ya kama.

Sake gwajin ruwa kamar na farko, daga ƙasa zuwa sama. Kafet ɗin da ya sha ruwa kuma a fitar da shi a shanya, a duba falankin da ke ƙarƙashinsa da sukundireba kafin a mayar.