Yadda Za a Kare Ingancin Gwajin Jini Tun Daga Bakin Gado

Yawancin kurakuran da ake samu a sakamakon gwajin jini suna faruwa ne kafin jinin ya isa ga na'ura, wato a lokacin ɗiba, da rubuta suna, da kai kwalba ɗakin gwaje-gwaje. Saboda haka wannan bayani ya shafi ma'aikacin jinya a ƙaramin asibitin unguwa a Tudun Wada ko Sabon Gari kamar yadda ya shafi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya.

A fara da tabbatar da mai jinin. A ɗakin mata guda ana iya samun masu suna ɗaya su uku, don haka a bar mara lafiya ya faɗi cikakken sunansa da bakinsa, a gwada da lambar katinsa, sannan a rubuta a jikin kwalba nan take a gabansa. Ɗabi'ar tara kwalabe a tire a rubuta sunaye daga baya ita ce mafi haɗari, musamman idan gwajin na ƙarin jini ne, domin jinin da bai dace ba yana iya kashe mutum.

Wajen ɗiba, kada robar da aka ɗaure dantse da ita ta wuce minti 1, kuma kada a ɗebi jini a hannun da ake ƙarin ruwa. Idan aka ja sirinji da ƙarfi, ko aka girgiza kwalba, jajayen ƙwayoyin jini suna fashewa, sinadarin fotasiyam ya fito ya nuna hauhawar da babu ita a jikin mutum. Kwalba mai murfi shunayya, ta ƙirga ƙwayoyin jini, a hankali ake juya ta kamar sau 8. Jinin gwajin suga kuwa a zuba shi a mai murfi ruwan toka, domin a kwalbar da ba ta da maganin tsayar da shi, suga yana raguwa da kashi 5 zuwa 7 cikin 100 a kowace awa, kuma zafin Maris da Afrilu yana ƙara masa sauri.

Gwajin bakin gado, wato wanda ake yi nan take kusa da mara lafiya da ɗigon jinin yatsa, ya fi buƙatar kulawa, don saukinsa yana sa a raina shi. Kafin a soki yatsa don gwajin suga a wanke hannun mara lafiya da sabulu a bar shi ya bushe, saboda wanda ya sha rake ko mangwaro, ragowar zaƙin da ke yatsansa zai iya sa na'ura ta nuna suga mai yawa alhali lafiyarsa ƙalau. A lokacin hunturu a ɗumama yatsan maimakon a matse shi, don matsa tana gauraya jinin da ruwan jiki. A rufe gwangwanin tsinken gwaji da zarar an ciri ɗaya, a duba ranar ƙarewar aikinsa, a nisanta shi daga taga. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ƙarancin jini yana sa wasu na'urorin su nuna suga sama da yadda yake, kuma a garinmu masu sikila da mata masu ciki da jininsu ya yi ƙasa ba kaɗan ba ne. Idan lambar ta saɓa wa halin da ake ganin mara lafiya a ciki, a aika jini ɗakin gwaje-gwaje.

Gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa a karanta shi cikin mintunan da kamfani ya rubuta, galibi 15 zuwa 20. Idan layin da ke tabbatar da cewa gwajin ya yi aiki bai fito ba, a sake da sabo. A tuna kuma yana iya nuna akwai cutar makonni bayan an gama shan magani.

A ɗakin gwaje-gwaje, a gwada na'ura da samfurin da aka san ƙimarsa kowace safiya kafin a taɓa jinin kowa. Firijin ajiye sinadarai ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8, a riƙa rubuta awonsa safe da yamma, musamman bayan an ɗauke wuta. Sakamakon da ke nuna rai na cikin haɗari kuwa ba a jiran ɗan aike ya zo karɓa. A kira likita a waya, a sa shi ya maimaita lambar da ya ji, a rubuta lokacin kiran a rajista.