Yadda ake maido da rezo da jirage marasa matuƙi bayan ambaliya

Ruwan da ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram a watan Satumba na 2024 ya nuna wa Damagarawa irin ɓarnar da damina ke iya yi. Irin wannan ruwa kan kayar da turakun kuran, ya cinye hanya, anten ɗin waya kuma ya mutu da zarar batir da man janaretonsa sun ƙare. Ƙaramin jirgi marar matuƙi yana iya riƙe wurin anten na ɗan lokaci, kamar yadda kamfanin waya na Amurka AT&T ya yi a tsibirin Fotoriko bayan guguwar Mariya a 2017.

Matakin farko tun kafin faɗuwar damina ake ɗaukarsa, wato neman izini a rubuce daga hukumar ANAC mai kula da zirga-zirgar jiragen sama a Nijar da kuma jami'an tsaro, domin a halin da ƙasa ke ciki, jirgin da aka tayar ba da sanin hukuma ba fitina zai jawo. Zangon sadarwa kuwa yana hannun hukumar ARCEP mai kula da harkokin sadarwa, don haka sai an yi aikin tare da ɗaya daga cikin kamfanonin waya, ko Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecom, kafin wayoyin mutane su gane siginar.

Idan ɓarna ta auku, sai a fara aika jirgi mai kyamara ya gano inda jama'a suka taru da hanyoyin da suka yanke. Daga nan a zaɓi tudun da ruwa ba ya kwanciya, nesa da filin jirgin sama, a kafa sansani.

A sansanin ne babban aikin yake. Jirgin kansa turke ne kawai da aka rataye a sama, kuma ba shi da amfani sai an haɗa shi da sauran duniya, ko ta farantin tauraron ɗan'adam ko ta anten mafi kusa da ya tsira. Ƙananan jirage masu batir ba su cika wuce rabin awa a sama ba, shi ya sa a ganina mai igiya ya fi dacewa: siririyar waya ce ke kai masa wuta daga janareto a ƙasa, sai ya yi awoyi yana tsaye da na'urar sadarwa. Tsawo ne sirrin abin, domin daga mita 100 layin gani yana kaiwa kusan kilomita 35 a shimfiɗaɗɗen fili, ko da yake siginar ba ta kai haka, musamman inda manyan duwatsun garin suka tare ta.

Idan ana son isa ƙauyukan Mirya ko na hanyar Magarya, sai a jera wasu jirage ta yadda kowanne yana hangen na gaba da shi yana miƙa masa saƙo, a kuma tsara su yadda in ɗaya ya sauka canjin batir, saƙon zai bi ta wani.

Hanyar sadarwar ƙarama ce, dole a yi tsimi. A fifita ma'aikatan kwana-kwana da asibitoci da masu rabon agaji, sannan a roƙi jama'a ta gidajen rediyo da bakin masu unguwanni su tsaya ga rubutaccen saƙo da gajeren kira, su bar bidiyo. A tanadi faifan sola don cajin wayoyi, abin da aka fi mantawa da shi.

A sa mutum guda ya riƙa duban gabas, inda hadari ya saba tasowa. Da zarar iska ta fara kaɗawa a sauke jiragen, a jira ta lafa. Ranar da injiniyoyi suka tayar da anten ɗin unguwa, sai a naɗe igiya a matsa zuwa yankin da har yanzu ba a jin duriyarsa.