"Da Sauƙi, Likita": Kurakuran Da Muke Yi In Mun Kai Mai Ciwon Zuciya Asibiti

Gidana a Yamai ya zama masaukin 'yan uwa masu zuwa daga Tawa ganin likitan zuciya. Shekara shida na yi ina jinyar Innarmu da gazawar zuciya kafin Allah ya karɓi abarsa, shi ke nan duk wanda ƙafarsa ta kumbura a dangi sai a ce a tura shi wurin Malam, ya san kan asibiti. Ni malamin makaranta ne, ban karanci likitanci ba. Amma na gaji da ganin mutum ya yi tafiyar sama da kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ya biya kuɗin mota, ya kama layi tun asuba, sannan ya shiga gaban likita ya zubar da minti goman da ya zo dominsu. Kurakuran iri ɗaya ne kullum, kuma babu wanda ban fara yi ba.

Babbansu shi ne kalmar nan, "da sauƙi".

Mu Hausawa an hore mu da ita. Ko mutum yana gargara, ka ce masa ya jiki, zai ce da sauƙi, alhamdu lillahi. A zaure wannan ladabi ne da tawakkali, ban da ja. Sai dai "ya jiki" na likita tambaya ce ta aiki, da amsarta zai rubuta magani. A shekararmu ta farko, Inna ta kwana uku ba ta kwanta ba. Jingine take kwana da bango, matasai uku a bayanta, don da ta miƙe a shimfiɗa sai numfashi ya sarƙe, ta tashi a firgice tana neman taga. Sallah ma ta koma yi a zaune, sujada na sa ta haki. Muka shiga, likita ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, ya jikin?" Ta gyara mayafi ta ce, "Lahiya lau, ɗana, da sauƙi sosai." Ina tsaye a bayanta riƙe da karne, na san ba haka ba ne, amma kunya ta ɗaure mini baki. Yaya za ka ƙaryata uwarka a gaban baƙo? Likita ya auna tansiyo, ya saurari ƙirji, ya ce a ci gaba da magani yadda yake, a dawo bayan wata uku. Ba a cika kwana goma ba muka ɗauke ta tsakar dare a bayan taksi, leɓɓanta sun canza launi, ruwa ya cika huhu. Ta yi mako guda a gadon asibiti. Ban ga laifin likitan ba, abin da muka ba shi ya yi aiki da shi. Har yau in na tuna shirun nan nawa sai in ji haushin kaina.

Abin da ban gane ba a lokacin: gazawar zuciya ba tsayawar zuciya ba ce, ƙarfinta na tura jini ne ya ragu, sai ruwa ya riƙa taruwa a ƙafafu, a ciki, a huhu. Ruwan nan a hankali yake taruwa, kuma alamunsa da dare suke fitowa, lokacin da babu likita a kusa. Mai kwana ɗaki ɗaya da majinyaci ya ga abin da na'ura ba za ta nuna da ƙarfe goma na safe ba.

Daga nan na sayi kaye na 'yan makaranta da sikelin taka-ka-gani. Kowace safiya, bayan ta yi fitsari, kafin ta karya, da tufafi iri ɗaya, sai ta hau sikeli in rubuta. A gefe in sa matasai nawa ta kwana a kai, ta yi tarin dare ko ba ta yi ba, ta iya zuwa bakin randa ba tare da tsayawa ba ko sai da ta huta. In danna yatsa a ƙaurinta, in ya bar rami in rubuta iya inda ramin ya kai, idon sawu ne ko har gwiwa. Ƙa'idar da likitocin zuciya ke bayarwa ita ce, in nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne, ba ƙiba ba, kuma ba a jiran ranar randebu. Matsalar kunya kuwa a gida muka kashe ta. Na ce, "Inna, ke ki gaisa da likita, ki ce da sauƙinki, ni kuma ki yi mini izini in karanta masa kaye." Ta yi dariya ta ce ashe ɗan sanda ta haifa. Amma ta yarda, kuma ba mu sake samun saɓani a gaban kowa ba.

Kuskure na biyu ya fi na farko ciwo, don wannan da hannuna na yi shi.

Inna ta koma Tawa da zama, sai dai ta zo randebu. Cikin magungunanta akwai furosemide, wanda kowa ya sani da Lasilix, ƙwayar fitsari. Cikin awa ɗaya take fara aiki, ta yi kamar awa shida tana kai mutum bayi. To wa zai sha wannan ya hau motar Yamai, inda direba ba zai tsaya maka kowane rabin awa ba? Ni da kaina na ce mata ta bar shi ranar tafiya. Kashegari ma ta bar shi saboda layin asibiti. Kwana biyu ba magani, ga wuni guda ƙafa a rataye cikin mota, ga kilishin da aka yi mata tsaraba a hanya. Likita ya ga ƙafa kamar turmi. Ya tambaya, "Tana shan maganinta kullum?" Na ce, "Ƙwarai kuwa." Tsoron faɗa ya sa na ce haka. Sai ya ƙara yawan ƙwayar, don a ganinsa wadda take sha ta kasa. Ta koma Tawa cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, tana shan adadin da jikinta bai buƙata ba, tana zufa. Cikin mako biyu jiki ya bushe, jiri ya kayar da ita a bakin ƙofar bayi, ta fasa goshi. Gwajin jini ya nuna ƙoda ta sha wuya. Ƙarya guda, kalma biyu, ita ta jawo duk wannan.

Ku ji ni da kyau, 'yan uwa. Likita ba alƙali ba ne, faɗansa na minti ɗaya ne. In an tsallake magani a faɗa, a faɗi kwana nawa da dalili. In kuɗi ne ya ƙare aka yi mako ba a saya ba, a faɗa, wataƙila akwai mai sauƙin kuɗi da ke aiki iri ɗaya. In ƙwayar tansiyo irin captopril ko enalapril ce ta sa busasshen tari har majinyaci ya jefar da ita, a faɗa, sananniyar illa ce kuma akwai madadi. Magungunan zuciya irin su bisoprolol da carvedilol kuwa ba a yanke su farat ɗaya, da kaɗan ake farawa a ƙara sannu a hankali, kuma likita ba zai san matakin da zai hau ba in ana ɓoye masa. Maganar tafiya ma da na tambaya tun farko da an huta: daga baya likitan da kansa ya nuna mana yadda za ta jinkirta ƙwayar fitsari zuwa bayan ta sauka. Kowa ya tambayi nasa likitan, kada a ce Malam ya ce.

Sai batun wanda ake turowa rakiya, wanda ke ba ni takaici ƙwarai. A ce babban ɗa ne zai raka, don shi ke da babbar riga da Faransanci, alhali rabonsa da kwana gidan tsohon tun Sallar Layya. Likita ya tambaya gishiri nawa ake sa wa a miya, ya tsaya yana kallon silin. Wadda ke girki, wadda ke ba da ƙwaya, wadda ke jin tarin dare, an bar ta a gida wai mace ba ta iya magana da likita ba. In kuɗin mota bai isa mutum biyu ba, a turo mai jinyar. In dole sai babban ya zo, to ya kira ta a salula a gaban likita ya sa kowa ya ji.

Mai fassara kuma ya ji tsoron Allah. A Yamai za ka iya samun likitan da Zabarmanci ya fi masa sauƙi, ko ya tsaya kan Faransanci. Tsoho ya yi bayani mai tsawo, ɗansa ya dunƙule shi cikin kalma uku, wai yana jin gajiya. Ka fassara duka, har abin da kake ganin shirme ne. Kuma ka juyo wa majinyaci da abin da likita ya ce, a nan take. Jikinsa ne ake magana a kai, ba buhun gero ba.

Ka zo da duk magungunan cikin leda, da kwalayensu. "Wata 'yar fara ƙarama" ba suna ba ne, rabin farmasi farare ne ƙanana. Kuma in na ce duka, har da na ciwon gwiwa da aka saya wurin masu yawo da magani a faranti. Diclofenac da ibuprofen suna riƙe ruwa da gishiri a jiki, suna wahalar da ƙoda, suna kwance aikin maganin zuciya. Wani kawuna wata uku yana shan su a ɓoye, muna mamakin kumburin da ya ƙi sauka. Ƙwayoyin da ake jefawa a ruwa su yi kumfa ma akwai sinadarin gishiri a cikinsu. Jiƙo da sassaƙe da rubutu, a ambace su, ba a ce ka bar addu'a ba, amma likita ya san me ke shiga cikin mutum.

Gishiri kuwa, mutanenmu sun ɗauka farin nan ne kawai na cikin gwangwani. "Mun daina sa gishiri," in ji su, ga dunƙulen Maggi uku a tukunya, ga yaji, ga kilishi, ga busasshen kifi, ga kanwa a cikin wake da miyar kuɓewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ke nan. Ka lissafa wa likita abincin gidanku da sunansa, ka tambaya wanne za a rage. Haka ruwan sha: kada ka yanke wa majinyaci ruwa da ra'ayinka, musamman da bazara, ka nemi a faɗa maka lita nawa.

Kanwa ta tuna mini da masu jego. Akwai gazawar zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa, kuma ƙasar Hausa na cikin wuraren da aka fi saninta a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kanta, suna alaƙanta ta da kunun kanwa da zafin wankan jego. In mai jego tana haki, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya, kada gwaggo ta ce sanyi ne a ƙara mata kunu. In kuma likita ya tabbatar, mijin ya shiga ɗakin da kansa, don za a yi maganar shayarwa da ta sake ɗaukar ciki, kuma wasu magungunan zuciya ba su dace da mai ciki ba. Wannan ba saƙon da za a aiko da suruka ba ne.

Sauran ƙanana ne. Takardar eko ta baya, wato hoton zuciya, da ta gwajin jini, a zo da su a jere, ba a dunƙule cikin aljihu ba. A kan eko akwai lamba ta kashi cikin ɗari da ke nuna ƙarfin bugun zuciya: 50 zuwa sama ana ganin ƙarfin bai ragu ba, 40 zuwa ƙasa ya ragu, ka tambayi ta majinyacinka ka rubuta. Mai shan ƙwayar spironolactone ya tambayi yaushe za a duba sinadarin potasiyom na cikin jini da ƙoda. Maganar azumi a yi ta tun cikin Sha'aban, ba ranar 10 ga Ramadan bayan an faɗi ba. Tambayoyi uku a rubuce sun isa, ka fara da wadda ta fi damun majinyacin, ba wadda ta fi damunka ba. Kafin ka miƙe, ka maimaita wa likita abin da ka fahimta da bakinka: wannan da safe, wannan da dare, wancan an cire. Sau biyu ana kama ni da kuskure a nan, kuma gara a kama ni a ɗakin da a gida. In ordonans ba ta karantuwa, majo ko mai farmasi ya rubuta maka a jikin kwali. Ka tambayi alamun da in an gani ba a jira, a tafi asibiti mafi kusa ko da a Tawa ne: numfashi ya sarƙe ana zaune, ciwon ƙirji, suma, tari mai kumfa.

Kawun nan nawa mai diclofenac ya koma ƙauye, ya ce shi ba shi da kuɗin sikeli. Na ce ai maƙwabcinsa na sayar da hatsi. Yanzu kullum in an fito sallar asuba sai ya biya shagon, ya cire takalmi da rawani ya hau sikelin buhu, jikansa ɗan aji biyar ya rubuta a bayan kayensa na lissafi. Ranar Juma'a yaron ke turo mini hoton shafin ta WhatsApp.